Gaskiya ko Jita-jita: Idan Shukar Falo Ta Kwanta Ciwo, Me Ake Yi Mata?

A damina ta biyu bayan rasuwar gwaggona, modar da ta bar mini ta fara zubewa. Ga wanda bai san moda ba, ita ce shukar nan mai dogayen ganyaye masu kauri da ke miƙewa sama kamar takubba, jikinsu da zane irin na fatar maciji. Tawa irin mai rawayan layi ce a gefen kowane ganye. Moda 'yar gida ce, asalinta daga nan Afirka ta Yamma zuwa Kwango, kuma tun kafin ta shiga falon kowa mutanenmu sun san danginta a daji, suna tufka igiya da tsirkiyar baka da zarenta. Masu sayar da fulawa kan ce ita ce shukar da ba ta mutuwa. Sai ga tawa, ganye ya yi laushi daga gindi, ya karkace, da safe in tarar da shi kwance a ƙasa.

Cikin mako biyu, duk wanda ya shigo gidan sai ya bar mini shawara. Maƙwabciyata ta ce ƙishirwa ce, in ƙara ruwa. Ƙanena ya ce in barbaɗa mata takin zamani. Wata ta ce in jiƙa farasitamol in zuba, wata ta ce ruwan sukari, wata ta ce in fitar da ita ta sha rana, wani kuma ya ce in fesa fiya-fiya. Wata dattijuwa ta daɗe tana kallon tukunyar, ta ce, "'Yar nan, baki ne ya kama ta." Kowa da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma na gwada fiye da rabi. Sai daga baya na lura cewa yawancin shawarwarin nan abu ɗaya suke cewa: a ƙara mata wani abu. Babu wanda ya ce a duba.

Wanda ya ce a duba wani tsoho ne mai sayar da fulawa a bakin titi, da na kai masa ganye ɗaya a leda. Ya matsa gindin ganyen da yatsa, ya kai hanci, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, kin taɓa ganin saiwarta kuwa?" Ban taɓa ba. Tun daga ranar nake bin maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, in ga wacce ke da tushe, wacce kuma gadonta kawai muka yi.

"Ganye ya yi yaushi, ƙishirwa ce"

Wannan ita ce uwar jita-jitar, kuma a ganina babu wadda ta kai ta kashe shukar tukunya. Abin da ya sa take da wuyar kawarwa shi ne rabinta gaskiya ne. Shukar da ƙasarta ta bushe ƙayau takan yi yaushi, a ba ta ruwa da hantsi ta miƙe kafin magariba. Amma wadda ruwa ya yi wa yawa ita ma haka take yi: ganye ya langaɓe, ya yi rawaya, ya zube. Mai kallo daga sama ba zai iya raba su ba.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwa numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan guraben da iska ke zama, daga nan saiwa ke samun iskar oksijin. In ruwa ya cike guraben ya zauna kwana da kwanaki, saiwa takan shaƙe, ƙananan gashinta masu tsotsar ruwa su mutu. Matacciyar saiwa kuwa ba ta kai ruwa sama. Sai ganye ya ji ƙishirwa alhali gindinsa na cikin ruwa tsundum, mai shukar kuma ta ga yaushi ta ɗauko buta. Haka na yi ta yi har kwana goma.

Ƙasar da ta jiƙe sharkaf kuma gida ce ga wasu ƙwayoyin cuta masu kama da fumfuna, waɗanda masana ke kira Fitiyum da Fitoftora. 'Ya'yansu na da wutsiya, iyo suke yi cikin ruwan da ke tsakanin ƙasa har su tarar da saiwa mai rauni su shige ta. Ido ba ya ganinsu, amma ba abin rainawa ba ne. Wani nau'in Fitoftora ne ya ruɓar da dankalin ƙasar Ailan daga shekarar 1845, yunwar da ta biyo baya ta ci mutum kusan miliyan ɗaya.

Gane bambancin ba ya buƙatar kowace na'ura. A tsoma yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. A ɗaga tukunyar a ji nauyinta. In ƙasa na da laima kuma ganye na yaushi, to kada a ƙara ko ɗigo. A shimfiɗa buhu, a kifa tukunyar, a zaro shukar da ƙasarta. Da yawa na tsoron wannan, suna ganin zarowar ce za ta ƙarasa ta. Ba haka ba ne, shuka na jure fita daga tukunya fiye da yadda take jure zama cikin taɓo. Lafiyayyar saiwa na da ƙwari, fara ce ko ruwan madara, ta moda ma takan yi ja-ja kamar goro. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana taɓewa, in ka ja ta fatar ta zame ta bar maka zare a hannu. Ga kuma wari. Da na zaro tawa, warin ne ya fara ba ni amsa.

Abin da na yi, kamar yadda tsohon ya koya mini, shi ne na wanke tsohuwar ƙasar duka, na zubar da ita nesa da sauran tukwane. Na ɗauki sabuwar reza, na riƙa yanke duk inda ya yi laushi har sai na tarar da tsoka mai tsabta wadda babu ɗigon baƙi a cikinta, ina goge rezar da sifirit bayan kowane yanka, domin wuƙa ita ma tana ɗaukar cuta daga nan ta kai can. Na bar abin da ya rage a inuwa kwana uku bakin yankan ya bushe. Wannan na moda ne da alobera da sauran masu ajiye ruwa a jiki; shuka mai siririn ganye ba a barin saiwarta a waje, nan take ake mayar da ita, a rage mata ganye daidai da saiwar da ta rasa. Tukunyar na wanke ta da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, na ɗauraye, na shanya. Na dasa a sabuwar ƙasa, na kuma hana kaina taɓa buta har mako guda. Wannan haƙurin ne ya fi komai yi mini wuya.

Akwai ƙanwar wannan jita-jita, wato ba shuka ruwa da kalanda. "Ni duk Juma'a nake ba ta." Shuka ba ta san Juma'a ba. Ƙasar da ke bushewa cikin kwana uku ko huɗu a zafin Afirilu takan yi mako biyu da laima a watan Agusta. Da bazara na saba ba modata ruwa duk mako, damina ta faɗi ban canza ba. Nan ciwon ya samo asali.

Wurin da na ajiye ta ma ya taimaka wa ciwon. Tana wani lungu ne nesa da taga, domin an ce mini moda ba ta buƙatar haske, kuma tana tace iskar ɗaki. Gaskiya ne tana jure duhu, amma jurewa daban, jin daɗi daban. A duhu ba ta girma, ba ta shan ruwa sosai, ƙasa kuma ba ta bushewa. Batun tace iska kuwa ya samo asali ne daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, inda aka sa shuke-shuke, har da moda, cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka ga sun rage wasu gurɓatattun iskoki. Ɗaki ba rufaffen akwati ba ne. A 2019 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Drexel suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kai, suka lissafa cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska da fitarta ke yi a gini. Buɗe taga ya fi. Haka nan masu cewa shuka na ƙwace wa mai barci numfashi da dare, su ma su kwantar da hankali. Abin da tukunya ɗaya ke shaƙa bai kai kusa da na mutum ɗaya da ke kwance a ɗakin ba.

"A zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce"

Wannan har tsohon nawa ya yarda da ita, kuma na daɗe kafin in yarda cewa ya yi kuskure. Hankali na karɓarta: tsakuwa ba ta riƙe ruwa, to me zai hana ta taimaka? Sai dai ruwa ba ya son tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa abu mai manyan gurabe, sai ta saman ta cika ta kasa riƙewa. Kowa na iya gwadawa a kicin. A jiƙa soson katifa, a ɗora shi a kan tsakuwa. Tsakuwar ba za ta zuƙe masa ruwa ba, zai zauna da abinsa. Haka ƙasar tukunya take, kullum akwai wani sashe a can ƙasanta da ke zama jiƙe bayan an yi ban ruwa. In ka zuba tsakuwa ba ka kawar da sashen ba, ka ɗago shi ne sama, kusa da saiwa, ka kuma rage mata wurin zama. Dakta Linda Chalker-Scott ta Jami'ar Jihar Washinton ta yi shekaru tana yaƙi da wannan magana a rubuce-rubucenta.

Abin da ke fitar da ruwa shi ne huda a gindin tukunya, da ƙasa mai sakin ruwa tun daga sama har ƙasa. Jar ƙasa ko laka da aka kwaso daga tsakar gida takan daskare a tukunya kamar bulo. A gauraya ta da yashi mai tsakin-tsaki, da taki wanda ya ruɓe sarai, da buntun shinkafa ko dakakken gawayi. Kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan tukunya: ta yumɓu da maginanmu ke ginawa ta fi wa shuka lafiya nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa, wato tsatsafar da jikinta ke yi, shi ne ke sa ƙasar da ke cikinta ta bushe da wuri ta sha iska. Tukwanen nan masu ƙyalli da ba su da huda, ado ne; in ana son su, a dasa shukar a wata mai huda a zura ta ciki, a riƙa zubar da ruwan da ya taru.

Masu cewa a sauya wa marar lafiya babbar tukunya don ta sake, su ma akasin abin da ake so suke yi. Saiwa kaɗan cikin ƙasa mai yawa ba ta iya shanye ruwan da aka zuba. Bayan yanke ruɓa, tukunya ƙarama ake komawa.

Ga wata magana kuma da ake ɗauka camfi ce, alhali akwai gaskiya a cikinta, wai fulawa na kawo sauro. Shukar ba ta kawo shi, amma farantin da ake sa wa a ƙarƙashin tukunya yana kawowa. Sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a mazubi cikin gida, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. A zubar da ruwan farantin bayan kowane ban ruwa. Saiwa ta huta, mutanen gida ma su huta.

Taki, sukari, madara da ƙwayar magani

Mun ɗauki taki a matsayin abincin shuka, shi ya sa muke ganin marar lafiya na buƙatar ƙari. Shuka da kanta take haɗa abincinta a ganye, da haske da ruwa da iska. Takin zamani gishiri ne, kuma duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a yankakken tumatir ta ga yadda yake janye ruwa. Haka yake yi wa saiwa mai rauni. Cokali ɗaya na yuriya da zai ɓace a kunyar masara yana iya ƙone shukar tukunya. Ɗanyen kashin kaji ma haka. Taki na da ranarsa, amma sai shukar ta nuna sabon toho. Toka kuwa, wadda ke da amfani a gona, kaifinta ɗaya da na kanwa. In ta yi yawa a ɗan tukunya takan hana saiwa ɗaukar sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito rawaya. Farin ɓawon da ake gani a bakin tukunya shi ma gishiri ne, na taki ko na ruwan rijiyar burtsatse, kuma yakan busar da bakin ganye. Ruwan sama da aka tara a bokiti yana wanke shi.

Ruwan sukari ba shi da wani tushe a nan. Ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa ne za su sha, kiyashi kuma su biyo.

Madara da asfirin, da wasu ke cewa a zuba wa shuka, sun fi ban sha'awa, domin kowannensu akwai gaskiyar da aka ɗauko aka kai ta inda ba wurinta ba. A 1999 wani masani a Barazil, Wagner Bettiol, ya nuna cewa fesa madarar shanu da aka sirka da ruwa yana rage farar fumfunar nan mai kama da gari da ke hawa ganyen kabewa. Fesawa ce a kan ganye, don cuta ɗaya tak. Wanda ya tuttula madara cikin ƙasar tukunya, tsami da wari da ƙuda zai samu. Asfirin kuma, tun a 1979 wani mai bincike a Ingila, R. F. White, ya gano cewa yana ƙara wa ganyen taba juriya ga wata cutar bairas, daga baya aka tabbatar cewa tsirrai da kansu na yin sinadari ɗan'uwansa don faɗakar da jikinsu in cuta ta shigo. Wannan faɗakarwa ce kafin cuta ta ci ƙarfi, ba ta tayar da saiwar da ta riga ta ruɓe, kuma in ya yi yawa ƙone ganye yake yi. Farasitamol ma ba danginsa ba ne. Ƙwayoyin da aka yi don jikin ɗan Adam a bar su ga wanda aka yi su dominsa.

"A fitar da ita ta sha rana"

Ganyen da ya girma a falo ya saba da haske kaɗan. A ɗauke shi rana ɗaya a ajiye a tsakar gida da azahar, kafin la'asar ya yi fari-fari, gobe wurin ya bushe kamar takarda, kuma ba ya komawa. Shukar da aka yanke wa saiwa ta fi kowacce kasa jure wannan. Abin da take so shi ne haske mai yawa marar zafi, kusa da taga ta gabas, ko baranda mai inuwa. In ana son ta koma waje, a riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan cikin mako biyu.

Farin abu kamar auduga

Ba duk ciwo ne daga saiwa ba. In an ga wani farin abu kamar auduga a hammatar ganye, da yawa kan ce fumfuna ce ko ƙura. Ƙwari ne masu rai, suna lulluɓe da farin kaki, bakinsu kamar allura suna tsotsar ruwan shuka. Kashinsu zaƙi ne da shi, yana danƙo kamar darɓar da manoma suka sani a ganyen dawa. Shi ke jawo kiyashi, shi kuma baƙar fumfuna ke hawa har ganye ya yi kamar an shafa masa kunkunniya. Saboda haka in an ga kiyashi na hawa da sauka a jikin shuka, ba su ne ɓarayin ba, makiyaya ne. A bi sawunsu a ga abin da suke kiwo.

Ɗan'uwan wannan ƙwaro ya taɓa girgiza nahiyar nan. A shekarun 1970 wani nau'insa ya shigo daga Kudancin Amurka ya auka wa rogo, abincin miliyoyin mutane. Ba feshi ne ya kawo ƙarshensa ba. Hans Herren, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, shi da abokan aikinsa suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Faraguwai mai yin ƙwai a jikin ƙwaron, aka fara sakinsa a 1981. Aikin ya ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. A falo babu zanzaron da zai taimaka, sai hannu: auduga a tsinke, a tsoma a sifirit, a bi su ɗaya bayan ɗaya. A maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, domin ƙwansu na ɓoye a lungu. A kuma ware tukunyar daga sauran. Sabuwar shukar da aka sayo ma a ajiye ta gefe mako biyu ko uku kafin ta shiga cikin 'yan'uwa, galibi ta nan ƙwarin ke shigowa gida.

Da hunturu wani maƙiyin ke zuwa, wasu mitsi-mitsin halittu dangin gizo-gizo masu son bushewar iska da ƙura. Alamarsu ɗigo-ɗigon rawaya kamar an soka allura, da siririyar yana a bayan ganye. Ana cewa a riƙa fesa wa ganye ruwa don ƙara laima a ɗaki. Laimar ba ta wuce 'yan mintoci a iskar hunturu, kuma ganyen da ke kwana jiƙe yakan kamu da tabo. Abin da ke aiki shi ne wanka sosai, a kai tukunyar makewayi da safe a wanke gaba da bayan ganye, ƙura da ƙwari su tafi tare.

Sai dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, da ake cewa yana maganin ƙwari. A nan gaskiyar na da ƙarfi. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da fara ta sauka, ya lura ta cinye kusan duk wani kore ta bar bishiyar nan. Daga baya aka ware sinadarin da ke yin aikin, azadiraktin, wanda ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ba a ganye ba. Yana hana ƙwaro ci, yana hana shi saɓa ya girma. Shi ya sa ba ya kashewa nan take, sai an yi haƙuri an maimaita, kuma da yamma ake fesawa domin hasken rana na lalata shi. Dakakken ƙwallo da aka jiƙa ya kwana aka tace, ko man darbejiya kaɗan da ɗigon sabulu mai laushi, yana taimakawa a kan masu tsotsa. Jita-jitar ita ce cewa yana maganin komai. Ba ya gyara ruɓaɓɓiyar saiwa. Garin wanki kuma ba sabulu mai laushi ba ne, yana cinye kakin da ke kare ganye.

Fiya-fiya kuwa ina roƙon kowa da ya bar shi. Sinadarin da aka fi haɗa shi da shi, diklobos, guba ne mai taɓa jijiyoyin mutum, yana tashi cikin iska ana shaƙarsa. Shi ne a cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kantuna da kasuwanni barkatai a 2019. Babu fulawar da ta kai a fesa wannan a ɗakin da yara ke rarrafe. Tun da an zo kan yara, shukar nan mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake kira difenbakiya, ruwanta na kumbura baki da harshe. In za a yanke ta a sa leda a hannu, a kwashe guntayen kafin yaro ya kai baki.

Wadda ba ta da magani

Game da maganar dattijuwar nan, ba jayayya na zo yi da abin da mutum ya yi imani da shi ba, ni ma ina yi wa abin da nake so addu'a. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar "baki" ke rufe bincike, ta kuma bar zargi a kan baƙuwar da ta yaba shukar da zuciya ɗaya. Dalilin ciwon modata yana cikin tukunya, na gan shi, na ji warinsa.

Akwai kuma jita-jitar da muke yi wa kanmu, cewa kowace shuka na da magani in an dage. Ba haka ba ne. Cutar bairas ba ta da magani a shuka. Alamarta ganye mai dabbare-dabbare, murɗaɗɗe, da tsumburewa, kuma ƙwari masu tsotsa da almakashi ne ke yaɗa ta. Wani lokaci har kyau take yi: furannin tulib masu zane da mutanen Holan suka riƙa saye da tsadar gaske har kasuwarsu ta rushe a 1637, bairas ne ya zana su, sai a 1928 Dorothy Cayley ta nuna a Ingila cewa abu ne mai yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Ba duk zane ne cuta ba, rawayan layin moda halitta ce. Amma shukar da zanen ya zo mata daga baya tare da naƙasa, a raba ta da sauran. Haka wadda ruɓa ta cinye mata zuciya har tushen ya zama kamar kunu. A ɗaure ta a leda a fitar, kada a jefa ta cikin takin da za a yi amfani da shi. Kafin a yi haka, a duba ko akwai reshe ko ganye mai lafiya da za a ceta, muddin ba bairas ba ne, domin shi yana bin duk jikin.

Daga tukunyar gwaggona abin da ya tsira ganye biyu ne, da wani guntun tushe da bai fi babban yatsa ba. Na yanka ganyen gida uku-uku, na yi wa gindin kowane yanki alama da biro, domin in aka dasa shi kai a ƙasa ba ya yin saiwa. Na bar su suka bushe, na kafa su cikin yashi. Wajen wata biyu babu abin da ya motsa, sai da na ɗan ja ɗaya na ji ya riƙe. Bayan wasu watanni 'ya'ya suka ɓullo a gefensu, kore shar, babu rawayan layi ko ɗaya. Na koma wajen tsohon da damuwa, ya ce, "Ai haka take, Hajiya. Ta ganye ba ta gadon layin, sai ta tushe." Ya yi gaskiya, rawayar na zaune ne a wani sashe na gefen ganye, sabon toho kuma daga koren tsakiya yake fitowa.

Guntun tushen na dasa shi shi kaɗai a ɗan kaskon yumɓu kusa da tagar gabas. Ya yi shiru duk hunturu. Sai a farkon bazara wani ɗan tsini ya fasa ƙasa, da ya buɗe na ga siririn rawayan layi a gefensa. Yanzu ganyensa huɗu.